Kiwon kifin kili a gida: tambayoyin da 'yan'uwa na Jidda da Makka suka fi yi mini

Duk baƙon da ya shigo majalisina a Jidda, kafin shayi ya iso ya riga ya durƙusa gaban akwatunan gilashin nan yana leƙe. Daga nan sai tambaya, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne, daga Alhazan Shari'a Mansur, titin nan na Makka, har samarin unguwar Karantina ta Jidda. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Akwatin gilashin da ake zuba kifin a ciki, wanda a nan muka saba ce wa haud, shi nake nufi duk inda na ce akwati.

Malam, wane irin kifi ne kuma kili? Mu doki muka sani da wannan suna.

Ba ruwansa da doki. Turawa na ce masa kilifish, kuma sunan ya samo asali ne daga kalmar mutanen Holan, kil, wato ƙaramin rafi. Ba kifi ɗaya ba ne, dangi ne mai jinsi fiye da dubu, a Afirka da Amurka da Asiya da kudancin Turai. Yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba. Namiji ne mai ado, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa kamar an yi masa aikin surfani, mace kuwa toka-toka ce, ba ta ɗaukar ido.

Masu kiwo sun kasa su gida biyu. Akwai na rafi, masu zama inda ruwa ba ya ƙafewa, suna kai shekara 2 zuwa 3. Akwai kuma na kududdufi, waɗanda duk rayuwarsu damina ɗaya ce.

Da gaske ne akwai kifin da ƙwansa ke kwana cikin busasshiyar ƙasa?

Gaskiya ne, kuma wanda ya tashi a ƙauye ya taɓa ganin alamar haka ko bai gane ba. Ka tuna kududdufin bayan gari da ke bushewa ƙaf da rani har ƙasarsa ta tsattsage, amma ruwa na sauka, bayan 'yan makonni sai ka ga yara na kamo ƙananan kifaye a ciki, alhali babu kogin da ya haɗu da shi? Muna yara ce mana aka yi daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Wasunsu ambaliya ce ke kawo su, amma na kududdufi a wurin suka kwana. Gaiwa ita da kanta take shigewa laka ta jira damina. Kili ba ya jira, mutuwa yake yi, ƙwansa ne ke jira. Iyaye na binne ƙwai cikin taɓo, ruwa ya ƙafe, su mutu, ɗan da ke cikin ƙwan ya dakatar da girmansa ya yi barci na watanni, har ruwan farko ya tashe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗayansu ɗan gida ne. A 1928 wani Bajamushe mai suna Ernst Ahl ya rubuta bayanin wani kili da aka samo a kogin Kiyawa, kusa da Katagum, kuma har yau sunansa a littattafan kimiyya Pronothobranchius kiyawensis. Kifin da muke takawa da ƙafa a fadama, Turawa na aika wa juna ƙwansa a ambulan. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan su ma suna da nasu: Nothobranchius virgatus da aka bayyana a 1984, da Nothobranchius nubaensis na yankin duwatsun Nuba da aka bayyana a 2009. Wanda ya fi kowa gaggawa kuwa shi ne Nothobranchius furzeri na Zimbabuwe da Mozambik. A daji yakan balaga cikin mako biyu, ya tsufa cikin 'yan watanni, shi ya sa masu binciken tsufa suka rungume shi.

Da wanne sabon shiga zai fara?

Da Fundulopanchax gardneri. Na Najeriya da Kamaru ne, har ana kiran zuriyarsa da sunayen wuraren da aka kamo su, irin su Lafiya da Makurɗi da Akure. Tsawonsa kamar santimita 6, yana cin kusan komai, yana yafe kuskure, kuma yana haihuwa ko ba ka roƙe shi ba. Sai dai a shagunan kifin ado na nan wanda ka fi cin karo da shi shi ne Aplocheilus lineatus na Indiya, mai ruwan zinare. Ya fi jure zafi, amma yana kai santimita 10 kuma bakinsa ya fi yadda kake zato faɗi, duk abin da ya shiga ya tafi.

Na kududdufi ka bari sai hannunka ya faɗa. Idan lokacin ya yi, Nothobranchius guentheri na Zanzibar ne mai sauƙinsu.

Ba a samun kili a nan Saudiyya?

Ana samu. Akwai Aphanius dispar, wanda Eduard Rüppell ya bayyana a 1829 daga Bahar Maliya. Yana zaune a bakin teku da cikin kwaruruka, yana rayuwa a ruwan daɗi da na gishiri, kuma zafin da zai kashe kilin Afirka shi ko a jikinsa. An sha amfani da shi a ƙasashen yankin nan wajen cinye tsutsar sauro. Ba shi da adon 'yan'uwansa, ratsin wutsiyar namiji ne kawai abin kallo. Amma kada ka ɗauki koma ka nufi wadi, wato kwari, ba tare da ka san dokar wurin ba, kuma kada ka taɓa sakin kifin akwati a wadi ko magudana. Baƙon kifi na iya korar ɗan ƙasa daga gidansa.

Wane girman akwati ake bukata?

Lita 30 zuwa 40 ya ishi namiji ɗaya da mata biyu. Ka sa matatar soso mai aiki da famfon iska, ka rage ƙarfinta, domin kifin kududdufi bai san igiyar ruwa ba. Ka cika shi da ciyayin ruwa, ka rage haske. A duhu-duhu launinsa ya fi fitowa.

Murfi kuwa dole ne. Kili ɗan tsalle ne na ƙin ƙarawa, kuma ba tsallen makanta yake yi ba, kafar da tiyo ya shiga ita yake nema. Na farko da na rasa, a bayan kujera na tsince shi ya bushe kamar banda. Ka toshe kowace kafa da soso.

Zan iya sayen akwati da kifi rana ɗaya?

Mai shago zai ce maka eh, ni kuma na ce a'a. Kashin kifi na fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zama a cikin soso ne ke mayar da ita abu mara cutarwa sosai, kuma kafin su yi yawa ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Ka haɗa akwatin, ka kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abinci kaɗan ya ruɓe, ka jira. Idan kana da aboki mai tsohon akwati, roƙi matsattsen ruwan sosonsa, zai rage maka jira. Kuma sosonka da ruwan akwati za ka riƙa ɗauraye shi, domin ruwan famfo na kashe bakteriyar.

Ruwan famfon Jidda ya yi?

Ya yi, da sharaɗi. Ruwanmu na teku ne da aka cire wa gishiri a tashoshi irin na Shu'aiba, aka sa masa kilorin. Matsalar ita ce hanyar da yake bi kafin ya iso gare ka: wani lokaci ta bututu, wani lokaci wayit, wato tankar ruwa, ne ya kawo, ya kwana a tankin ƙasa, ya hau tankin sama ya sha rana. Da rani duk mun san yadda yake fitowa, ko alwala sai ka jira ya huce. Saboda haka ka tari ruwa a jarka, ka ɗiga maganin cire kilorin, ka ajiye shi kwana ɗaya a ɗakin da akwatin yake, sannan ka zuba. Ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu duk mako. Sauyin ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi ka bari ya lalace sannan ka kwashe duka.

Na kududdufi irin Nothobranchius sun fi son ruwa mai ɗan nauyin ma'adini. Na dazukan Gabon da Kamaru, kamar Aphyosemion australe, sun fi son mai laushi. Ruwan da na'urar tacewa ta kicin ta tsotse komai daga cikinsa kada ka zuba shi zalla, ka gauraya shi da na famfo. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuwa ka bar wa shuke-shuke, ba ka san abin da ya kwaso a hanya ba.

Wata Hajiya ta taɓa tambayata ko ta zuba musu Zamzam don albarka. Na ce Hajiya, ki sha abinki. Ma'adinansa na da yawa, kuma sauya wa kifi irin ruwa farat ɗaya yana wahalar da shi.

To zafin garin nan fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Mutum zai ce ai kifin Afirka ne, ya saba da rana. A'a. Na rafi a inuwar daji yake zaune, kuma yawancin waɗanda ake kiwo sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 26. Na kududdufi na jure fiye da haka, amma zafi na hanzarta rayuwarsa: kifin da zai yi wata goma a digiri 24 sai ya tsufa da wuri a digiri 30. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Makka kuwa da rani tana haura digiri 45.

Littattafan Turawa hita suke ta magana a kai. Mu tamu matsalar sanyaya ruwa ce. Ka ajiye akwatin a ɗakin da mukayyif ba ya mutuwa, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka da la'asar, kuma kada iskar mukayyif ta riƙa bugunsa kai tsaye. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa na iya rage digiri 2 ko 3, amma ta fi aiki a Madina da Riyad inda iska ke bushe, a Jidda gumin teku na rage mata ƙarfi. Idan za ka sa fanka, murfin raga za ka yi, kuma ruwan da ya ƙafe da tacaccen ruwa za ka cike shi, domin ruwa ne ke tashi, gishirinsa na nan.

Wata shekara mukayyif ɗin ɗakin ya tsaya ranar Juma'a da safe, mai gyara bai zo ba sai washegari da dare. Akwatin da na riƙa saka wa robar ƙanƙara, a rufe, tana yawo a saman ruwa, ya tsira. Wanda na manta da shi a lungu bai tsira ba. Tun daga ranar firjina ba ya rabuwa da robobin ruwa daskararru, kuma kowane akwati da ma'aunin zafinsa.

Mutanen Ɗa'if da Abha da Tabuk, ku naku daban: da hunturu sai da hita.

Me suke ci?

Masu farauta ne, ƙwari da tsutsa suka sani. Gardneri da lineatus na karɓar abincin gwangwani, amma Nothobranchius sau da yawa sai ya kalle shi ya wuce. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne jar tsutsa daskararriya da ake sayarwa a shagunan kifi. Ka narkar da ita a ɗan kofi kafin ka zuba, kuma ka duba ba ta taɓa narkewa a hanya aka sake daskarar da ita ba. Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu.

Sai artimiya, wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri. Ƙwansu ake saya busasshe. Ka zuba gishiri kamar giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya, ka sa rabin ƙaramin cokali na ƙwan, ka saka tiyon iska, cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun ƙyanƙyashe. Wanda bai iya wannan ba, kada ya fara batun renon 'ya'ya.

Tsutsar sauro ita ce abincin da suka fi so, amma kada ka girke bokitin ruwa a soro don tara ta. Tun 1994 aka tabbatar da zazzaɓin dengue a Jidda, kuma sauron da ke yaɗa shi a irin wannan ruwan yake haihuwa. Kifinka bai kai lafiyar maƙwabta ba.

Zan iya haɗa su da sauran kifaye? Maza biyu fa?

Maza biyu a ƙaramin akwati faɗa ne har ɗaya ya yage. Ko namiji ɗaya, ko kuma da yawa a babban akwati yadda faɗan zai rarrabu. Namiji ɗaya da mace ɗaya ma ba daidai ba ne, zai hana ta sakat da bi, shi ya sa ake ba shi biyu ko uku, a kuma yi musu maɓoya. Da sauran kifaye, gardneri kan zauna da masu girmansa marasa tsokana, amma ni na fi son kowane jinsi da akwatinsa. Dalili shi ne matan jinsuna daban-daban kamanninsu ɗaya, idan suka cakuɗe ba ka iya rarrabewa, kuma 'ya'yan da za su fito ruwa biyu ne da babu mai karɓa. Ka rubuta cikakken suna da wurin asali a jikin gilashin. Masu kiwon kili na riƙe nasabar kifinsu kamar yadda ake riƙe ta doki.

Turaren wuta na cutar da su?

Uwargida ce ta fi cancantar wannan amsa. Turare kaɗan a ɗaki mai iska ba shi ne abin tsoro ba, ko da yake ni nakan kashe famfon iska har hayaƙin ya lafa, tunda abin da ke cikin ɗaki shi yake turawa cikin ruwa. Abin tsoro shi ne maganin sauro da na kyankyaso na fesawa. Ɗan abin da ba zai sa ka tari ba ya isa ya kashe akwati guda. Idan za a yi feshi, a kashe famfo, a lulluɓe akwatin da leda, a buɗe tagogi kafin a yaye. Hannun da ya sha humra ko man shafawa ko sabulu kuma kada ya shiga ruwan.

Kifina ya yi kamar an barbaɗa masa garin zinare, yana goga jiki. Mene ne?

Cutar da ta fi kama Nothobranchius ke nan, wata ƙwayar halitta ce mai suna Oodinium da ke manne wa fata da matsatsin numfashi. Ka haska shi da tocila daga gefe a cikin duhu, za ka ga ƙurar. Tana kisa da sauri, musamman ƙanana. Masu kiwo da yawa na rigakafi da gishiri mara haɗi, ƙaramin cokali ɗaya a kowace lita 5. Idan ta riga ta kama, ka rufe akwatin ya yi duhu, ka nemi maganinta a shago, ka bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Sabon kifi kuwa ya yi mako biyu a wani akwati shi kaɗai kafin ya shiga cikin naka.

Yaya ake samun 'ya'ya?

Na rafi aikinsu kaɗan ne. Ka sami zaren saƙa na roba mai duhun launi, ka yi tuntu da shi kamar na hula amma dogo, ka ɗaura shi jikin abin da zai sa ya yi yawo a saman ruwa. A cikinsa za su riƙa saka ƙwai kullum. Ƙwan na da tauri, da yatsa ake tsince shi, a sa a ƙaramin mazubi da ruwan akwatin. Na gardneri na ƙyanƙyashewa cikin mako 2 zuwa 3.

Na kududdufi kuwa noma ne sosai. Ka sayi garin ɓawon kwakwa ko bitmos, wato ƙasar ruɓaɓɓen gansakuka, a wurin masu sayar da shuke-shuke, wanda ba a haɗa da taki ba, ka tafasa shi, ka wanke, ka zuba a roba mai zurfi, ka nutsar da ita cikin akwati. Namiji zai ja mace can, su danna ƙwai a ciki. Bayan mako ɗaya ko biyu ka ciro, ka matse a tsumma, ka shanya a kan takarda har ya zama da danshi-danshi, ka dunƙula ya wargaje, ba ya ɗiga kuma bai zama ƙura ba. Ka ƙulle a leda, ka rubuta suna da kwanan wata, ka ajiye a duhu, wurin da bai wuce digiri 25 ba. Ka yi masa rani ke nan da hannunka.

Na guentheri na jiran wata 2 zuwa 3, na Nothobranchius rachovii na Mozambik kan kai wata 5 ko 6. Ba kalanda kaɗai za ka bi ba. Ka buɗe ledar ka duba da tabarau mai ƙara girma: idan ka ga idanu biyu da zoben zinare suna kallonka daga cikin ƙwan, ya nuna. Sai ka zuba ƙasar a faranti mai zurfi, ka kwarara mata ruwa mai ɗan sanyi, kamar digiri 18 zuwa 20, ka zama kai ne damina. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga abubuwa kamar gashin ido suna iyo. Shekara nawa ina yin wannan, har yau sai na kira yara su zo su gani.

Kada ka zubar da ƙasar. Ba duka ƙwan ke fashewa a ruwan farko ba, wasu na noƙewa, domin a daji ruwan farko kan yaudari manomi ya ɗauke. Ka sake matsewa, ka ajiye mako 3, ka sake jiƙawa.

Ina amfanin kifin da zai mutu kafin shekara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sa mutane ja da baya. Manomin gero bai taɓa kuka don karan bara ya bushe ba, idan dai iri na cikin rumbu. Mai kiwon kili na kududdufi dukiyarsa ba a cikin ruwa take ba, tana cikin ledojin nan na durowa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya tsaya kallon ado, ya ce sai wata mai zuwa zai sa robar ƙwai, kafin ya farga kifin ya ranƙwafa ya daina haihuwa. Ranar da suka balaga, ranar za ka fara tara ƙwai.

Ga mu mazauna nan ma wannan rahama ce. Wanda zai tafi gida hutu wata biyu, ko aikin Hajji zai ɗauke shi, yana iya tsara abinsa yadda lokacin tafiyar zai zo kifinsa duk suna cikin leda. Ba mai ba da abinci, ba mai sauya ruwa. Sai dai ledar ta zauna a gidan da ake kunna mukayyif.

Idan tafiyar ta mako ɗaya ce?

Babban kifi mai lafiya na yin mako ba abinci. Ka sauya ruwa kwana biyu kafin tafiya, ka bar mukayyif a kunne. Yaron maƙwabta da zai juye rabin gwangwani don tausayi ya fi yunwa haɗari.

A ina ake samun ƙwan, kuma ana iya aikowa daga waje?

Masu kiwo a Turai da Asiya na sayarwa ta intanet, ƙulli ɗaya yawanci ƙwai 30 zuwa 50. Abu biyu za ka kiyaye. Na farko doka: shigo da halittun ruwa na ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, ka tambaya kafin ka biya kuɗi. Na biyu lokaci: ka yi oda tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Na taɓa yin ganganci a watan Yuli, ambulan ya wuni a motar masu rabon kaya, abin da ya iso mini dafaffen ƙwai ne. Mafi sauƙi dai ka nemi wanda ke kiwo a garinku ku yi musaya, ƙwansa bai sha hanya ba kuma iyayen sun saba da ruwanku.

Malam, tsare kifi a gilashi ba zalunci ba ne a addini?

Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da malamai ke kafa hujja da shi sananne ne. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana tambayar ƙanin Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, bai hana shi ba. A ɗaya gefen kuma ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Dukansu suna cikin Buhari da Muslim. Wanda ya san ba zai iya sauya ruwa duk mako ba, ko ba zai iya biyan kuɗin wutar mukayyif daga Mayu zuwa Oktoba ba, ya zo majalisina ya yi kallo, shayi ma kyauta ne.